Sukur, Garin Ƙarfe A Bisa Dutse

Duk yaron da ya ɗan yi nisa a makaranta ya ji labarin ganuwar Kano, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da Birnin Gazargamu na sarakunan Barno. Waɗannan manyan birane ne masu sarakuna da malamai, an kuwa rubuta labarinsu tun da daɗewa. Yau muna so mu kai ku wani wuri dabam, wani ƙauye a bisa dutse, wanda mutanensa na dā ba su bar mana ko takarda ɗaya ba, amma duk da haka sunansa ya kai inda na birane da yawa bai kai ba. Sunan ƙauyen Sukur, masu shi kuwa suna ce da kansu Sakun.

Sukur yana cikin duwatsun Mandara, watau jerin duwatsun nan da suka raba Nijeriya da Kamaru, a ƙasar Madagali, can ƙuryar arewa ta Jihar Adamawa. In kun buɗe taswira, ku nemi hanyar da ta tashi daga Mubi ta bi ta Michika da Gulak ta nufi Gwoza. Gabas da wannan hanya duwatsun su ke, Sukur kuwa yana bisa ɗaya daga cikinsu, a tudun da ya ɗara bakin teku da mita 1,045, watau wajen ƙafa 3,400. Maƙwabtansu su ne Margi, da Higi, da Kapsiki, da waɗansu ƙananan ƙabilu na kan dutse. Harshensu dabam ne, Bahaushe ba zai ji ko gaisuwa ba, amma masanan harsuna sun tabbatar da shi da Hausa dangi ne na nesa, duka biyu suna cikin zuriyar da a ke kira harsunan Cadi. Ashe ke nan gidan 'yan'uwa muka je, ko da ya ke zumuncin ya daɗe da yankewa.

HAWAN DUTSE

Muka isa gindin dutsen da sassafe, cikin hunturu, bayan an gama girbi. Nan akwai unguwanni da a ke kira Sukur Ƙasa, don a bambanta su da Sukur Sama, tsohon gari. Aka haɗa mu da wani dattijo wanda zai yi mana jagora. Ya iya Hausa sarai. Ya dubi takalmanmu, ya dubi jakunkunan da muka rataya, ya yi murmushi, ya ce, "Samari, ku rage kaya. Dutsen nan ba ya son mai gaggawa, ba ya kuma son mai nauyi."

Mun zaci za mu yi ta rarrafe ne tsakanin duwatsu kamar awaki. Da muka ɗan taɓa tafiya sai ga hanya shimfiɗe a gabanmu, an daɓe ta da falalen duwatsu, an jera su ɗaya gefen ɗaya, ba siminti, ba laka. Wani wurin faɗinta ya isa mutum biyar su jeru. Inda hawan ya yi tsanani an yi matakai, inda ruwa ya kan biyo an bar masa mafita don kada ya kwashe aikin. Duwatsun sun yi santsi don yawan takawa. Waɗansunsu kuwa, in aka ce mutum goma su ɗaga, sai sun yi da gaske.

Muka tambayi dattijon, muka ce, "Baba, wane ne ya yi wannan hanya?"

Ya ce, "In kun tambayi tsofaffin mata, za su gaya muku waɗansu ƙatta biyu ne masu ƙarfin aljanu suka kafa manyan duwatsun Sukur cikin dare ɗaya. In kuwa ni kuka tambaya, kakanninmu ne, da hannu irin wannan." Ya nuna mana tafin hannunsa, duk ya yi kanta.

Dama da hagu, tun daga gindin dutsen har inda ido ya tsaya, gonaki ne hawa-hawa. An gina 'yar katanga ta duwatsu, an cika bayanta da ƙasa, ta zama dakali. Bisa wannan an sake gina wata, haka har sama. Wani dakalin bai fi tabarma biyu faɗi ba, amma ga kututturan karan dawa nan a kansa. Hikimar abin ita ce, ruwan sama in ya sauko bisa gangare da gudu ya kan tafi da ƙasa ya bar dutse tsirara. Katangar nan ita ke tare shi, ya tsaya ya nutse, ƙasa ta zauna inda ta ke. Kowace shekara kafin damina sai mai gona ya bi katangunsa ya mai da duwatsun da suka zame. In ya yi sakaci shekara biyu ko uku, aikin kakanni goma ya tafi rafi. Dawa da gero da wake da gyaɗa su ke nomawa a kai.

Muka yi wajen sa'a biyu muna hawa, muna hutawa a gindin kuka, mata ɗauke da kaya a ka suna wuce mu kamar a kan fili su ke. Muka ratsa ƙofofi na dutse, inda a dā a ke tsare mai shiga. Sannu ba ta hana zuwa, hantsi ya ɗaga sai ga mu a sama.

GARIN DA GIDAN HIDI

Kan dutsen fili ne mai tuddai da kwaruruka, gidaje a warwatse, kowanne da katangarsa ta dutse. Ɗakunan kewayayyu ne masu jinka, ga rumbuna an ɗora su bisa duwatsu don gara da laima, ga masussuka an daɓe ta sumul. Abin da ya fi ba mu mamaki cikin gida shi ne ɗakin sa. Su kan haƙa rami su gine shi da dutse, su yi ɗaki a bisa, su sa ɗan maraƙi a ciki. Nan za a riƙa kai masa ciyawa da ruwa, ba ya fita kiwo, har ya yi ƙiba ya zama bijimi, ranar biki a yanka. Takinsa kuwa a kwashe a kai gona. Wurin da ƙasa ta yi ƙaranci, ba a barin komai ya tafi banza.

Sarkin Sukur shi a ke kira Hidi. Gidansa yana jikin wani tudu, an kewaye shi da doguwar katanga ta dutse tsantsa, ga manyan duwatsu a tsaye a bakin ƙofofi. A ciki akwai hanya daɓaɓɓiya da ta gangaro, da rumbuna, da ɗakin sa, da bargar doki, da kangayen ɗakunan matan sarakunan dā. A waje kuma ga dandalin da a ke taron biki, ga wurin da a ke zaman shawara da shari'a, kujerun duka na dutse, kowane mai sarauta da tasa. Muka tuɓe takalma, muka zauna ƙasa muka yi gaisuwa yadda jagoranmu ya nuna mana.

Hidi daga zuriyar da a ke kira Dur ya ke fitowa. Labarin da su ke bayarwa shi ne kakanninsu daga Gudur suka zo, wani wuri a gabashin duwatsun Mandara cikin Kamaru ta yanzu, wanda ƙabilu da yawa na wannan yanki su ke girmamawa, suna kuma danganta asalinsu da shi. Waɗansu daga cikin sunayen sarautun fadarsa kuwa daga Barno da Mandara aka aro su, abin da ke nuna mutanen nan ba a rufe su ke ba, sun san duniya, duniya kuma ta san su.

Muna zaune muna duban wannan aiki, sai wata tambaya ta taso mana, ita ce kuwa ta sa muka rubuta muku wannan labari. Ƙauyen da ke bisa dutse, wanda gonarsa ba ta fi tabarma biyu ba, ina ya sami wadatar da zai gina hanya da fada irin waɗannan? Me kuma zai sa a shimfiɗa hanya mai faɗi zuwa wurin da aka hau don a ɓuya? Mai gudun abokan gaba ba ya share musu hanya. Wanda ya daɓe hanya, baƙi ya ke jira.

ƘARFE

Amsar tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Dattijon ya sunkuya ya tsinci wani baƙin dunƙule mai ramuka-ramuka, ya miƙo mana. Kashin maƙera ne, watau dattin da ke fita in an narka tama. Ya ce, "Duk inda kuka taka a garin nan, wannan za ku taka." Ya kai mu bayan wani kango ya nuna mana abin da ya rage na tanderun narka tama.

Ga yadda a ke yi. Dutsen Mandara yana ɗauke da tama mai kyau, ƙanana-ƙanana kamar baƙin yashi. In ruwa ya yi, sai ya wanko ta ya tara a cikin rafuka. Mata su bi da ƙwarya su kwaso, su riƙa rairayewa cikin ruwa har farin yashi ya tafi, baƙin mai nauyi ya zauna. Maza kuma su sari itace su ƙona gawayi. Da rani, in aikin gona ya ƙare, sai a hura tanderu. An gina shi da yumɓu a jikin gangare, mai zuga yana zaune daga sama, zugazugansa na fata suna tura iska cikin wani dogon bututun yumɓu wanda ya sauka tsaye har tsakiyar wuta. Wannan dabara ta sauko da iska daga sama ta mutanen duwatsun Mandara ce, ba a cika samun irinta a wani wuri ba. A riƙa zuba gawayi da tama, masu zuga suna karɓar juna, har ƙarfe ya taru ya zama curi. A fitar da curin a farfasa, a tsince ƙarfen, a kai wa maƙeri ya haɗe shi da masaba ya mai da shi sanda.

A wurare da yawa narka tama sana'ar gidan maƙera ce kaɗai. A Sukur kuwa manoma ma suna yi, gidaje su haɗa hannu su hura tanderu ɗaya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙira ita ce aka bar wa zuriyar maƙera, matansu kuma su ne magina tukwane. Saboda haka kusan garin duka ya zama maƙera ɗaya babba. Ƙarfen da su ke fitarwa ya fi ƙarfin bukatarsu nesa, har tama da gawayin dutsensu suka kasa, suna saye daga maƙwabta.

To, ku tuna, arewa da waɗannan duwatsu filayen Barno ne, har zuwa tafkin Cadi, ƙasar yashi da laka, mai jama'a da yawa, mai ƙarancin tama. Kowane manomi a can yana bukatar fartanya, kowane maharbi yana bukatar kibiya, kowane barde yana bukatar mashi da linzami. Don haka fatake suka riƙa zuwa kasuwar ƙarfe ta Sukur, suna kawo gishiri da kanwa da busasshen kifi da tufafi da dabbobi, suna komawa da sandunan ƙarfe da ruwan fartanya. Sandunan nan har kuɗi suka zama a wannan yanki, da su a ke biyan sadaki. Waɗansu masana biyu daga Kanada, Nicholas David da Judith Sterner, waɗanda suka zauna a Sukur suna bincike tun daga 1992, sun nuna wannan ciniki ya kai tun wajen ƙarni na 17.

Nan ne aikin Hidi ya fito. Ba shi da rundunar yaƙi irin ta Mai na Barno ko Sarkin Mandara. Ƙarfinsa shi ne ya shirya da maƙwabta don tama da gawayi su riƙa shigowa, ya tsare baƙon da ya zo ciniki, ya raba gardama a kasuwa, ya kuma tsaya wa jama'a wajen al'amuran ibadarsu ta gargajiya. Jama'a kuwa su yi masa gayya, su gyara katangarsa, su gyara hanya. Ga amsar tambayarmu: ƙarfe ne ya gina hanyar, don masu sayen ƙarfe aka yi ta.

Har Turawa sun ji labarin Sukur tun ba su gan shi ba. A cikin 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda a ƙasashen nan aka sani da Abdulkarim, ya tashi daga Kukawa ya nufi Yola ta ƙasar Margi. Bai hau dutsen ba, amma an nuna masa wajen, an ba shi labarin wani sarki mai ƙarfi da ke zaune a can, wanda ba ya bin kowa. Ya rubuta wannan cikin littafin tafiyarsa.

ZAMANIN HAMMAN YAJI

A farkon ƙarni na 19 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Fulani suka kafa mulki a filayen da ke kewaye da duwatsun, har da Madagali, wadda ke kusa da Sukur. Amma ƙarfin mayaƙan fili doki ne, doki kuwa ba ya sukuwa a kan dutse. Mutum ɗaya mai kwari da baka a bayan katanga ya isa ya tare mahaya goma. Shi ya sa mutanen kan dutse suka daɗe suna cin gashin kansu.

Abin da ya sake al'amarin shi ne bindigar Turawa. Ingilishi suka ci Yola a 1901, Jamus kuma suka kama mafi yawan ƙasar Adamawa, Madagali da Sukur suka faɗa cikin rabonsu. A 1902 sojan Jamus suka kashe Bakari, sarkin Madagali, ɗansa Hamman Yaji ya hau. Turawan mulki suna nesa, ba su cika leƙowa ba. Sa'an nan Yaƙin Duniya na Farko ya zo a 1914, ƙasar ta fita hannun Jamus ta shiga na Faransa, daga baya a 1920 ta koma hannun Ingilishi. Cikin wannan rikici Hamman Yaji ya tara bindigogi irin na zamani, ya sa mutanensa suka riƙa kai hari kan ƙauyukan dutse. Katangar da ta tare doki ba ta tare harsashi ba.

Mun san wannan ne daga bakin shi kansa. Hamman Yaji yana da malamin da ke rubuta masa abubuwan da suka faru yau da gobe cikin Larabci, tun daga 1912 har 1927. A ciki akwai labarin dawaki da kyautai da tafiye-tafiye, akwai kuma lissafin hare-hare, ranar kaza an tura mutane wuri kaza, an kamo bayi kaza da shanu kaza, an kashe kaza. Sunan Sukur ya fito a ciki ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, tsakanin 1912 da 1920. In an tara mutanen da littafin ya ce an kamo daga duwatsun duka, sun wuce 1,000, galibinsu mata da yara. A watan Agusta na 1927 Ingilishi suka kama shi bisa zargin harkar bayi da alaƙa da 'yan Mahadiyya, suka fitar da shi daga ƙasar, ya rasu a 1929 nesa da gida. Wani hafsan Ingilishi ya juya littafin zuwa Turanci, aka buga shi a Amurka a 1995.

Ku lura da wani abu a nan, 'yan makaranta. Mai kai hari yana da malami da alƙalami, saboda haka mun san ranar da ya aika, mun san yawan abin da ya samu. Waɗanda aka kai wa harin ba su da mai rubutu. A littafin adadi ne kawai, an jera su tare da shanu. Sunayensu, da na iyayensu, da yadda aka yi da su, sai abin da ya rage a bakin tsofaffi. Muka tambayi dattijonmu ko an ba shi labarin wannan zamani. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce kakarsa ta gaya masa an tafi da ƙanwarta tana yarinya, ba a sake jin ɗuriyarta ba, kuma har ta mutu in ta zuba tuwo ta kan kira sunan yarinyar. Muka ce, "Baba, wane suna?" Ya daɗe yana tunani, ya ce, "Wallahi, 'ya'yana, ya ɓace mini."

YADDA WUTAR TA MUTU

Duk da wannan wahala Sukur bai watse ba. Da aka kawar da Hamman Yaji, waɗanda suka gudu suka komo, aka gyara katangu, aka sake hura tanderu. Abin da ya kashe wutar daga baya bai zo da bindiga ba. Jirgin ƙasa da mota suka shigo ƙasar nan, tsofaffin ƙarafa suka yi yawa a kasuwanni. Maƙerin Barno ya ga da 'yan kuɗi kaɗan zai sayi guntun ƙarfen mota ya ƙera fartanya, me zai kai shi tafiyar kwanaki zuwa kan dutse? Fatake suka rage zuwa, kasuwa ta yi sanyi cikin shekarun 1950, kafin a yi nisa cikin shekarun 1960 an daina narka tama a Sukur. Wani ma'aikacin sashen kayan tarihi, Hamo Sassoon, ya ga yadda a ke aikin a ƙarshen zamaninsa, ya buga bayaninsa a 1964.

Da ƙarfe ya faɗi, kuma tsoron hari ya kau, sai mutane suka fara sauka, gama gona a fili ta fi faɗi, makaranta da asibiti da kasuwa duk a ƙasa su ke. Haka Sukur Ƙasa ta cika. Cikin wannan lokaci ne kuma ƙasar ta sake suna. Tana cikin yankin da a ke kira Kamaru ta Arewa, wanda Ingila ke riƙo amana. A watan Fabrairu na 1961 aka jefa ƙuri'a, mutanen yankin suka zaɓi Nijeriya, ran 1 ga Yuni aka haɗe su, aka kira wurin Lardin Sardauna. Daga baya ya shiga Jihar Gongola a 1976, sa'an nan Jihar Adamawa a 1991. Yau a cikin mutanen Sukur akwai Kirista, akwai Musulmi, akwai masu riƙe da addinin kakanni, sau da yawa cikin zuriya ɗaya.

A 1999 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi da duniya duka ta ɗauki alkawarin kiyayewa. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan daraja. Na biyu, kurmin Osun da ke Osogbo, sai a 2005. Ku duba ikon Allah. Mutanen da mazauna fili suka daɗe suna rainawa, suna kiransu da sunayen wulakanci, su ne suka fara ɗaga sunan ƙasar nan a wannan fage.

Amma takardar daraja ba ta tare mugu. A 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Madagali da Gulak da Michika da Mubi, jama'a da yawa suka gudu suka hau dutse, kamar yadda kakanninsu suka yi. A watan Disamba na shekarar maharan suka hau Sukur, suka kashe mutane, suka sa wuta a gidaje da rumbuna, har da gidan Hidi, suka kora dabbobi. Jinka ta ƙone, hatsi ya ƙone, katangun dutse suka tsaya. Da ƙura ta lafa mutane suka komo suka sake ɗora jinka bisa tsofaffin katangu.

ABIN DA MUKA SAUKO DA SHI

Da la'asar muka kamo hanyar sauka. Muka tarar da wani magidanci da ɗansa ƙarami suna gyaran katangar gona. Uban ya kan ɗauki dutse ya jujjuya shi a hannu har ya gane fuskar da za ta zauna, ya ajiye, ya sa ƙarami a ƙarƙashi ya tokare. Yaron yana kallo yana miƙo masa. Wannan ilmi yana da rai, gama kowace shekara a ke bukatarsa. Amma da muka tambayi dattijonmu mutum nawa suka rage waɗanda suka taɓa zuga tanderu da hannunsu, sai ya ce shi kansa yana yaro ƙarami ya gani, bai yi ba, waɗanda suka yi kuwa galibi sun riga mu gidan gaskiya. Yadda a ke gane wuta ta kai daga launinta, da yawan gawayin da a ke zubawa bisa tama, da irin yumɓun da ke jure zafi, duk a ka a ke riƙe su. Dutse ya jure bindigar Hamman Yaji, ya jure wutar 2014, amma abin da ke cikin kan tsoho, ranar da aka binne shi an binne da shi.

Don wannan muka ba ku labarin nan. Ba kowa ne zai sami zuwa Sukur ba, amma da wuya a sami garin da ba shi da nasa tsohon wuri. Mutanen Kano suna da Dala, inda masu narka tama suka zauna tun kafin a yi ganuwa. Mutanen Zazzau suna da Kufena da Turunku. Wani garin kufai ne a bayan gari, wani tsohuwar marina ce da ta cike, wani kuwa tudu ne na kashin maƙera wanda yara ke wasa a kai ba su san ko mene ne ba. Ku kuna da abin da mutanen Sukur na dā ba su da shi, watau alƙalami. Hutun nan mai zuwa, kowa ya sami tsohon da ya fi kowa shekaru a unguwarsu, ya gaishe shi da ladabi, ya zauna ya tambaye shi: wa ya fara zama a nan, daga ina ya zo, wace sana'a a ke yi da aka bari, me ya sa aka bari, wa aka rasa a shekarar yunwa ko ta hari. Ku rubuta yadda ya faɗa, da sunayen mutane da na wurare, da ranar da kuka ji. Abin da ya ce ya gani ku ware dabam, abin da ya ce an gaya masa ku ware dabam. Ku kai wa malaminku ya duba, a ajiye a makaranta.

Da muka iso gindin dutsen magariba ta kusa. Muka yi wa dattijon godiya, muka yi sallama. Mun yi 'yar tafiya ke nan sai muka ji yana kiranmu, yana tahowa da sauri da sandarsa. Ya ce sunan ƙanwar kakarsa ya faɗo masa. Ya faɗa mana, muka fitar da littafi muka rubuta, ya sa muka karanta masa sau biyu don ya tabbata mun rubuta daidai. Sa'an nan ya juya ya kama hanyar dutse.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.